Ku Ƙyale Mu Mu Yi Gudunmu

Jama'a, akwai wani irin tausayi da muke yi wa marasa lafiya a ƙasar nan, wanda in aka dube shi da idon basira ya fi kama da ɗaurin rai da rai. Da zarar an ce an yi wa mutum aikin zuciya, to shi ke nan, dangi sun yanke masa hukunci ba tare da an je gaban alƙali ba. Sai a shimfiɗa masa katifa a falo, a jera masa matasan kai uku, a ajiye masa buta da fulas a gefe. In ya yunƙura zai tashi a ce, "Ina kuma za ka? Faɗi abin da kake so a kawo maka." In ya ce zai leƙa ƙofar gida a ce iska za ta buge shi. In kuwa tsautsayi ya sa ya ambaci gudu, sai ka ga an zazzaro ido ana salati kamar ya ce zai faɗa rijiya. Wannan abu shi muke kira kulawa. Ni da aka tsaga ƙirjina aka ɗinke na ce cutarwa ce, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ake yin ta.

Maganata guda ɗaya ce, kuma ba zan yi ta kwana-kwana ba. Duk wanda aka yi wa aikin zuciya, likitansa ya auna shi ya ba shi izini, to yana da haƙƙin ya koma motsa jikinsa, daga tattaki har ya kai ga gudu. Wanda ya hana shi da sunan ƙauna, da wanda ya yi masa dariya da sunan kare mutunci, duka biyun ciwon suke taya wa yaƙi.

Bari mu fara da ita kanta zuciyar, don rashin sani ya fi dare duhu. Zuciya tsoka ce, kamar tsokar damtse ko ta cinya, girmanta bai fi dunƙulen hannunka ba, amma tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana. Ita ma tana da jijiyoyin da ke kai mata jini ta ci. In kitse ya toshe waɗannan jijiyoyi, sai likita ya ciro wata jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirji ya yi wa jinin sabuwar hanya ta kewaye wurin da ya toshe. Shi ne aikin da ake kira baifas, kuma duk wanda ya san yadda manyan motoci ke bin baifas su kauce wa cunkoson cikin birnin Kano ya gane manufar. Wani likita ɗan ƙasar Ajantina, René Favaloro, shi ya daidaita wannan aiki a birnin Cleveland na Amurka a shekarar 1967. Wasu kuma bawul ɗin zuciyarsu ne ke lalacewa, wato ɗan marfin da ke buɗewa ya rufe don kada jini ya koma baya, sai a gyara shi ko a sa wani.

To don Allah ina tambaya, wa ya taɓa kai motarsa gareji aka sauke inji aka yi masa garambawul, ya biya kuɗi masu yawa, sannan ya dawo da ita gida ya ɗora ta a kan duwatsu ya lulluɓe da tamfol? Abin da bakanike zai ce maka shi ne ka bi ta a hankali har injin ya saki, daga nan ka hau titi. Mota ma in ta daɗe a kafe, batir ya mutu, taya ta sace, tsatsa ta kama ta. Haka jikin ɗan Adam yake, har ma ya fi.

Kada wani ya ce ra'ayina ne kawai. Su kansu likitocin Turai sun taɓa yin irin tunanin danginmu. A da, wanda ya samu bugun zuciya kwantar da shi ake yi wajen mako 6, ba ya ko juyawa da kansa, a baki ake ba shi abinci. Da yawa suka riƙa mutuwa a kan gadon, saboda jini yana daskarewa a jijiyoyin ƙafa ya tafi huhu, ga ciwon haƙarƙari, ga mutuwar jiki. A shekarar 1952 wasu likitoci biyu a Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka bayyana sakamakon abin da suka gwada na ɗaga irin waɗannan majinyata su zauna a kujera tun kwanakin farko. Abokan aikinsu suka yi musu ca, amma majinyatan suka fi samun sauƙi. A 1953 kuma wani likita mai suna Jeremy Morris ya duba ma'aikatan bas-bas masu bene na birnin Landan, ya gano cewa kwandastocin da ke hawa da sauka suna karɓar kuɗi ba su cika kamuwa da ciwon zuciya kamar direbobin da ke zaune wuni guda ba. Mota ɗaya, hanya ɗaya, bambancin kawai wannan yana motsi wancan yana zaune.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gwajin da aka yi a birnin Dallas a 1966. Aka samu samari 5 lafiyayyu 'yan shekara 20, aka kwantar da su a gado mako 3 cur. Da suka tashi aka auna, sai aka tarar ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan aka auna su suna da shekara 50, sai aka ga ashe kwanciyar mako 3 ɗin nan ta fi tsufan shekara 30 yi musu ɓarna. Kai mai karatu ka tsaya ka yi tunani. In haka gado ya yi wa saurayi mai jini a jika, me kake zaton zai yi wa dattijon da kuka tsare a falo wata 6 kuna ɗura masa farfesu?

Ni kaina a Indiya aka yi mini nawa aikin, kamar yadda 'yan Nijeriya da yawa suke zuwa can. Kwana biyu ba su cika ba, da robobi a jikina, wata 'yar ƙaramar nas ta zo ta ce in tashi in taka. Na ɗauka wasa take yi. Ta miƙo mini ɗan matashi ta ce in rungume a ƙirji in zan yi tari, ta kama hannuna muka je bakin ƙofa muka dawo. Kafin a sallame ni sai da na hau matakala a gabansu. Amma da na sauka gida sai na tarar da wata dokar daban. Ranar da na fara zagaya unguwa da asuba, yayata ta ji labari ta hawo mota tun daga garinsu. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam, kai yanzu so kake ka mayar da 'ya'yan nan marayu? Miliyoyin da aka haɗa aka kai ka, a titi za ka zubar da su?" Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri ki zauna ki sha ruwa. Miliyoyin nan don in tashi aka kashe su. Da kwanciya ake so in yi, ai tun kafin a kai ni a kwance nake, kuma kyauta." Ba ta ji daɗi ba, amma ba ta samu amsa ba.

Ga yadda abin yake tafiya, don kada wani ya ɗauka daga gadon asibiti ake zarcewa filin sukuwa. Lokacin aikin, ƙashin tsakiyar ƙirji ake rabawa biyu, in an gama a ɗaure shi da waya. Ƙashin nan yana bukatar mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, wani ma sai ya kai mako 12. A wannan tsakani ba ɗaukar abu mai nauyi, ba tura mota, ba jan guga, ba tuƙi sai likita ya ce. Amma tafiya da ƙafa tun ranar farko ake son ta. Minti 5 na fara yi a tsakar gida, sau uku a rana. Sai minti 10, sai ƙofar gida zuwa masallaci, sai zagayen unguwa, har na kai minti 40 ba tare da na tsaya ba. Bayan wata uku likita ya ɗora ni a kan injin nan da ake tafiya a kansa, ya manna mini wayoyi a ƙirji, yana ƙara masa sauri yana duba bugun zuciyata da hawan jinina. Ya ɗauki hoton zuciyar ya ga yadda take matsa jini. Sai da ya gamsu sannan ya ce in fara sassarfa, minti ɗaya gudu minti huɗu tafiya. Na fi wata tara kafin in yi kilomita 5 a jere. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yanzu bari in ɗauki hujjojin masu hana mu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko suna cewa ɗinkin zai farke. Wai zuciyar da aka taɓa da wuƙa ta zama kamar tsohuwar ƙwaryar da aka ɗinke, ba a ɗibar ruwa da ita. To masu wannan magana, da yawansu fa magoya bayan Arsenal ne, kuma sun sha ihu a gidan kallo saboda Nwankwo Kanu. A 1996, bayan ya jagoranci Nijeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, likitocin ƙungiyar Inter Milan suka gano bawul ɗin zuciyarsa yana da matsala, har aka ce ƙwallo ta ƙare masa. A watan Nuwamba na shekarar aka tsaga ƙirjinsa a Cleveland aka gyara. Ya dawo fili, ya koma Arsenal a 1999, kuma a watan Oktoba na wannan shekara ya zura wa Chelsea ƙwallo uku cikin minti 15 na ƙarshe, aka tashi 3 da 2. A shekarar ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. A 2008 shi ya ci ƙwallon da ta ba Portsmouth kofin FA. Da an bi ta taku, da a falo ya ƙare yana kallon wasu a talabijin.

In an ce ai shi yaro ne ɗan shekara 20, to ga na manya. Wani likita a birnin Toronto na Kanada, Terence Kavanagh, ya daɗe yana horar da magidantan da suka taɓa samun bugun zuciya, a hankali a hankali, har a 1973 ya kai su gudun famfalaki na Boston, mai tsawon kilomita 42 da ɗoriya, kuma 7 daga cikinsu suka kai ƙarshe da ƙafafunsu. Ban kawo wannan don in ce kowa ya je ya yi famfalaki ba. Ni ma ba na yi. Na kawo shi ne don a san cewa shekara 50 da suka wuce aka kashe wannan gardama a wasu ƙasashen, mu kuwa har yau muna nan muna jera matasan kai.

Na biyu suna cewa ai ana faɗuwa a mutu a wajen gudu. Gaskiya ne, ana yi, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai wani Ba'amurke mai suna Jim Fixx, wanda littafinsa ya sa dubban mutane suka rungumi gudu, ya faɗi ya mutu yana cikin gudu a 1984 yana da shekara 52. Da aka bincika gawarsa sai aka tarar jijiyoyin zuciyarsa a toshe suke, ga shi mahaifinsa ma ciwon zuciya ne ya kashe shi yana ɗan shekara 43. Darasin da ke ciki shi ne a je a auna, kuma in jiki ya yi magana a saurara, don jiki magayi ne. Akwai waɗanda likita zai ce musu tafiya kawai za su yi, kamar wanda zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai, ko wanda bugunta ke rikicewa, ko wanda babbar jijiyarsa ta kumbura. Irin waɗannan su bi umarni, ba gardama. Wanda aka ba izini kuma akwai ƙa'idoji. Ka yi gudun da za ka iya magana da na kusa da kai ba tare da numfashi ya sarƙe ba. In kana shan maganin da ke rage saurin bugun zuciya, kada ka gwada kanka da lissafin masu lafiya, ka tambayi likitanka iyakarka. Kada ka fita da tsakar rana a watan Afrilu a garin nan, kada ka fita cikin ƙurar hunturu mai kauri, kada ka yi wasa da shan ruwa. In ka ji nauyi a ƙirji, ko ciwo yana sauka hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko zuciya na dukan uku-uku, to ka tsaya nan take ka nufi asibiti. Kuma gudu ba ya maye gurbin magani, wanda ya ajiye ƙwayoyinsa don ya ga yana zagaya fili sau goma, wannan shi ya kai kansa.

Amma ku da kuke ƙirga wanda ya faɗi a fili, me ya sa ba ku ƙirga waɗanda suka mutu a kan katifa? Don kuwa shi na katifa ba wanda ya gan shi a titi, sai a ce kwana ne ya ƙare. Na fili kuwa sai a yi shekara ana ba da labarinsa a majalisa. Bincike iri-iri ya nuna cewa masu ciwon zuciyar da ke motsa jiki bisa tsarin likita sun fi masu zama tsira daga komawa gadon asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Ku faɗa mini, minti nawa Alhajin da ke fita daga ɗaki ya faɗa mota, daga mota ya faɗa ofis ko shago, yake samu?

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai, wai gudu ba girman dattijo ba ne. Ka fito da asuba da furfurarka kana sassarfa, sai ka ji wani ɗan shayi ya ɗaga murya, "Baba, lafiya? Wa ya biyo ka?" Wani ya ce an fara taɓuwa, wani ya ce sabon aure zai yi. Haba jama'a! Yaushe muka zama haka? Kakanninmu fatake da ƙafa suke tashi daga Kano har Gwanja su sayo goro su dawo. Wasu da ƙafa suka ratsa Chadi da Sudan suka je Makka. Manomi ɗan shekara 70 yana tafiya gona da galma a kafaɗa ba wanda ya ce ya zubar da girma. Ko a wajen sa'ayi, tsakanin Safa da Marwa, tsofaffi masu farin gemu suna sassarfa a wurin da aka yi wa alama, ba wanda ya taɓa yi musu dariya. Sai yanzu da muka samu mota da babur da A Daidaita Sahu muka mayar da tumbi alamar arziki, zama kuma alamar daraja. Ga gishiri da magi a miya, ga lemon kwalba, ga suga cokali huɗu a shayi, sannan mu yi mamakin yadda hawan jini da ciwon suga suka shiga kowane gida. Wane girma ne a ce 'ya'yanka ne ke ɗaga ka zuwa bayi alhali da ka taka da ka iya da kanka?

Mata kuwa nasu ya fi muni. Akwai 'yan mata da yawa a Arewa da bawul ɗinsu ya lalace sanadin ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani da kyau ba tun suna yara. In Allah Ya taimaka aka yi wa yarinya aiki ta warke, sai a laƙaba mata "mai ciwon zuciya" har abada, a hana ta shara, a hana ta makaranta, manema su watse. In namiji yana shan dariya don ya yi gudu, ita ko tattaki ta fita sai an yi da ita. Ku bar su su motsa, ko a tsakar gida ne, ko a filin makarantar mata, ko su haɗu su uku su huɗu su zagaya bayan sallar asuba. Wadda aka sa wa bawul na ƙarfe tana shan maganin tsinka jini irin su warfarin, abin da take bukata daga gare ku shi ne ku kai ta gwajin jini a kan lokaci, ku kula kada ta faɗi ta ji rauni, ku kuma san cewa ganye irin su alayyahu da zogale suna taɓa aikin maganin, don haka kada a cika mata kwano yau gobe a hana ta, a daidaita.

Likitocinmu da hukuma ma ba zan ƙyale su ba. Tun 1974 aka yi aikin buɗe zuciya na farko a Nijeriya, a asibitin koyarwa na Inugu. Fiye da shekara 50 ke nan. A Amurka wanda aka yi wa irin wannan aiki ana sa shi cikin shiri na musamman, yawanci zama 36 cikin mako 12, yana motsa jiki a gaban ma'aikata ana duba zuciyarsa ana koya masa abin da zai ci. Ni da na dawo na nemi irin wannan, abin da na samu a wani asibiti shi ne ledar magani da cewa "ka riƙa ɗan motsa jiki kaɗan-kaɗan." Kaɗan nawa? Yaushe? In na ji me zan tsaya? Sai da na yi ta naci kafin na samu likitan da ya zauna ya tsara mini. Wanda ba shi da baki ko hali fa? Shi zai koma gida ne dangi su zama likitocinsa. Alhali abin nan ba ya cin kuɗin da tiyata ke ci. Ɗaki ɗaya ne, da ma'aikacin gashi da motsa jiki, da nas, da abin awon jini, da injin tafiya biyu ko uku. Gwamnatin da ke iya ɗaukar nauyin manya zuwa waje ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

Saboda haka ku 'yan uwa, in da gaske son mara lafiyarku kuke yi, ga aikin da za ku yi masa. Ku raka shi wajen likita ku ji da kunnenku abin da aka halatta masa da abin da aka hana shi. Ku rage gishiri da mai a tukunyar gidan gaba ɗaya, kada a ware shi da kwanonsa kamar mai kuturta. Ku tuna masa maganinsa. In yana shan taba ku yi yaƙi da ita, a nan ne faɗanku zai yi amfani. In ya tashi fita da asuba, maimakon a ɓoye masa takalmi, ɗaya daga cikin samarin gidan ya sa nasa ya bi shi, da waya a aljihu da gorar ruwa a hannu. Shi ma yaron ribarsa ce, don ciwon nan yana bin jini.

Kai kuma ɗan uwana da ke kwance yanzu da tabo a ƙirji, kana jin tsoron ko atishawa, na san wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Amma ka je ka tambayi likitanka a fili, "Yaushe zan fara tafiya, kuma yaushe za ka auna ni don in ƙara?" In ya ba ka hanya ka kama ta, ka toshe kunnenka daga 'yan shayi. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan kowa ya yarda, amma lafiyar da aka mayar maka amana ce, kuma ba a riƙon amana da kwanciya.

Nan zan dasa aya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, mu kuma Ya ƙara mana, amin.